Yadda na yi odar iyafis mai shiga cikin kunne daga Kano, da abin da na ji da ya iso

Ina da ɗan shagon buga takardu a wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma yanzu rabin aikina sauraro ne. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na wasu makarantu suna kawo mani hirarrakin da suka naɗa a waya don aikin kammala karatu, ni kuma in saurara in mayar da su rubutu. Sau da yawa hira ce da dattijo a ƙauye, muryarsa ƙasa-ƙasa, iska na bugun mayik, awaki na kuka a bayansa. Ga shi in babu wuta janaretan layinmu duk a kunne suke. Iyafis ɗin da nake amfani da shi irin wanda ke zuwa cikin kwalin waya ne, mai zama a bakin kunne, don haka duk hayaniyar waje shiga take. Dole sai na ƙure sauti kafin in ji abin da ake cewa, in na tashi da yamma kuma kunnena ya yi ta yi mani shuu har in yi barci. Wannan ne ya sa na nemi mai roba wanda ke toshe kunne. Na rubuta yadda abin ya gudana ne saboda na san akwai masu irin aikina, da masu sauraron karatu da tafsiri, da za su iya cin karo da ruɗanin da na shiga.

Na fara ne da zagaya shagunan 'yan waya na cikin gari da na Babbar Kasuwa. Masu Bluetooth sun cika ko'ina, Oraimo da ire-irensa, daga masu sauƙi har masu tsada, kuma kusan kowane mai shago su yake fara miƙo maka. Ga mai yawan amsa kira ko mai tafiya suna da daɗi, ban musa ba. Amma ni da zan wuni ina tsayar da magana ina mayar da ita baya, ba su yi mani ba. Bluetooth yana da ɗan jinkiri tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da sautin zai iso kunnenka, wani lokacin ma farkon kalma ya tsere maka. Sannan ga caji, a garin da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama. Akwai kuma rediyon FM na cikin waya, wanda a yawancin wayoyi ba ya kamawa sai da mai igiya, don igiyar ce eriyarsa. Masu igiyar da na samu a nan kuwa na naira 1,500 zuwa 3,000 ne, roba guda ɗaya jal, a liƙe cikin leda, ba a yarda ka buɗe ka gwada. Wani mai shago da muke mutunci da shi ya ce mani, "Malam, irin wanda kake faɗa, mai igiya da ake cirewa a sake, wanda ake zagayo da shi ta bayan kunne, ba ya tafiya a nan shi ya sa ba mu kawowa. Sai dai Kano, Farm Centre." Ya ba ni lambar wani abokin cinikinsa na can kasuwar wayoyin.

Ta WhatsApp muka yi cinikin gaba ɗaya. Ya turo hotunan kala uku, na zaɓi na tsakiya, muka daidaita a naira 22,000 bayan ɗan ja-in-ja. Farashin irin waɗannan kaya dala yake bi, don haka kada wani ya riƙe wannan adadin ya je ya yi rigima da ɗan kasuwa. Tambayoyin da na yi mashi kafin in tura kuɗi su ne suka cece ni daga baya: shin igiyar tana da mayik ko babu, don iri ɗaya yakan zo da duka biyun kuma hoton kwalin ɗaya ne, bakinta mai tsini ne na milimita 3.5 ko Type-C, wato mai shiga ramin cajin waya. Robobi nawa ne a ciki. Akwai garanti, kuma na wata nawa. Na ce ya rubuta sunana a takarda ya ɗora kan kwalin ya yi mani bidiyo, ya kuma rubuta rasit da hatimin shago ya sa a ciki. Ya ɗan ji haushi, ya ce, "Haba Alhaji, ai ba a haka da mu." Na ce ba rashin yarda ba ne, tsari ne. Na nemi in ba da rabi, in kaya sun iso in cika, ya ce bai taɓa yi ba. Na duba sunan da ya fito a asusun na ga ya yi daidai da wanda mutumina ya faɗa mani, na tura, na ajiye hoton shaidar. Duk da haka sai da gabana ya faɗi da alat ya shigo. Tura kuɗi ga wanda ba ka taɓa gani ba abu ne da ba a sabawa da shi.

Sai maganar saƙo. Ya ce zai ba direban motar Katsina a tasha, kuɗin saƙo naira 2,000, ni zan biya in na karɓa. Tafiyar Kano zuwa Katsina wajen awa biyu da rabi ce zuwa uku in hanya lafiya, amma wannan lissafin daga lokacin da mota ta tashi ne, mota kuma ba ta tashi sai ta cika. Ya ba da kayan da hantsi, motar ba ta ɗaga ba sai bayan la'asar. Da magariba na kira direban ya ce suna hanya, bayan isha'i na sake kira waya a kashe. Haka na kwana ina saƙe-saƙe. Da safe na hau Napep na tafi tasha, na ce ina neman direba wane, aka ce ai ya juya tun da asuba. Wani ɗan kamasho ne ya nuna mani rumfar da ake ajiye saƙonni. Dattijon da ke wurin yana da babban littafi, ya tambaye ni sunana da lambar wayata da lambar motar. Lambar motar nan ita ce mabuɗi, da ba ni da ita da na daɗe a tsaye. Ya sa na kira lambar da ke rubuce a jikin ƙunshin don ya ga wayata ce, na sa hannu, na biya 2,000 ɗin direba da 200 na ajiya. Duk wanda zai yi haka ya tabbata mai turowa ya ba shi sunan direba da lambar wayarsa da lambar mota da hoton ƙunshin, ya kuma faɗa mashi ƙarara ko an biya kuɗin saƙo ko ba a biya ba.

A shago na buɗe, na sa yarona yana ɗaukar bidiyo tun daga yanke selotef, don in akwai abin da ya ɓace ko ya fashe ina da hujja. Komai na nan: kawunan biyu daban, igiya daban, ƙaramar leda mai robobi, ƙanana da matsakaita da manya, da takardar bayani cikin Sinanci da Turanci wadda ba ta ce komai ba kan yadda ake sawa. Matsakaitan ne a maƙale a jiki. Haɗa igiyar ma sai da na ɗan tsaya, domin kowane kai yana da ƙananan ramuka biyu da tsinkayen igiyar za su shiga, kuma akwai alamar L na hagu da R na dama a jikin kai da kuma jikin igiya, ƙanana ƙwarai, sai ka karkata su wajen haske. Na jona a kwamfuta, na tura su kunne, na kunna wani kiɗan kalangu da na sani sarai.

Raina ya ɓaci. Sautin siriri, ba nauyi, kamar ana kiɗa a cikin gwangwanin madara. Muryar mawaƙin tana tsaga kunne, gangar da ke ƙasa kuwa, wato bes, babu ita sam. Na dama yana ta zamewa yana fitowa, janareta kuma ina jinsa kamar da. Na ce yau ga 22,000 ta tafi a banza, na 1,500 ma ya fi shi. Na kira mutumin Kano na ce, "Alhaji, kayan nan ba bes ko kaɗan, anya ba jabu ba ne?" Ya rantse mani orijina ne, ya ce kayan kunne in an riga an sa ba a dawowa da su, ya kuma ce in bar shi yana kiɗa kwana biyu zai buɗe. Wannan maganar buɗewa ana yawan faɗarta, ni dai ban ga alamarta ba; abin da na lura shi ne kunnen mutum ne ke sabawa da sabon sauti. Maganar rashin dawowa kuwa, dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da matsala, kuma akwai hukumar FCCPC da ke kula da hakan. Amma sai ka fara tabbatar da cewa kayan ne ke da matsalar, wanda a lokacin ban tabbatar ba.

Akwai kuma wata matsalar. Wayata ba ta da ramin iyafis. Tun da Apple ya cire shi a iPhone 7 cikin 2016 kamfanoni da yawa suka bi sahu, sai ta bakin caji ake jonawa da adafta. Adaftar da na samu ta naira 1,000 a bakin titi, da na sa, wayar ko gezau, sauti ya ci gaba da fita ta lasifika. Sai na kwashi duka na tafi wurin wani yaro mai gyaran waya a unguwarmu, wanda na san yana ɗan taɓa aikin situdiyo da dare.

Ta adafta ya fara warwarewa. Ya ce iri biyu ce. Akwai wadda waya ce kawai a ciki, tana aiki ne da wayoyin da ke fitar da sauti kai tsaye ta bakin caji. Akwai kuma mai ɗan ƙaramin inji a ciki, ana ce mashi DAC, wanda shi ke juya bayanan waya su zama sauti. Wayoyi da yawa na yanzu wannan ta biyun kaɗai suke karɓa. Ya ɗauko tasa ya jona, nan take ta kama. Irinta na saya daga baya a naira 6,500, kuma a shagon na gwada kafin in biya. Sai ya ce, "Yaya, sa iyafis ɗin in ga yadda kake sa shi." Na sa. Ya yi dariya ya ce ai juye yake, kuma bai shiga ba. Ya nuna mani cewa igiyar sama take fita, ta bi ta bayan kunne ta sauko. Sannan ya ce in ɗaga hannun hagu ta saman kai in kama saman kunnen dama in ja shi sama da baya, in ɗan buɗe baki, in tura robar in murza kaɗan, sannan in saki. Jan kunnen yana miƙar da ramin ne robar ta samu hanya. Na hagu ya zauna daram da matsakaiciyar roba. Na dama ya ƙi, sai da muka sa babba. Ya ce ba abin mamaki ba ne, mutane da yawa ramukan kunnensu ba girma ɗaya ba ne, kuma babu dokar da ta ce dole robobin su zama iri ɗaya.

Yadda za ka gane ya zauna ba sai ka kunna komai ba. Hayaniyar waje za ta ja baya lokaci guda, in ka yi magana kuma ka ji muryarka ta yi kauri tana amsawa a cikin kanka. In ka ɗan ja shi a hankali za ka ji yana riƙewa. Dalilin da ya ba ni shi ne lasifikar da ke ciki ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai faɗin kwabo ba, ba za ta iya tura iska mai yawa ba. Sauti mai kauri yana fitowa ne idan iskar da ke tsakanin lasifikar da dodon kunne a rufe take ruf. Da zarar an samu 'yar kafa, kaurin ne ke fara gudu, a bar ka da tsinin kawai.

Da muka sake kunna kiɗan nan sai na rasa bakin magana. Gangar ta dawo da nauyinta, kuma ba ta danne sauran ba. Ina jin lokacin da makaɗin ke matse kalangun a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, ina jin 'yan amshi daban, mai gaba daban. A karatun Alƙur'ani kuwa har jan numfashin mai karatu tsakanin ayoyi ana ji, da yadda murya ke dawowa daga bangon masallaci. Inda ya fi yi mani amfani shi ne aikina. Akwai hirar wani dattijo da na daɗe ina fama da ita, yana bayanin rini da saƙa, haƙoransa sun zube, maganarsa tana haɗewa. Wuraren da na sa alamar tambaya a rubutun na koma masu ɗaya bayan ɗaya, na cike mafi yawansu. Bambancin ƙa da ka, da ɗa da da, da tsa da sa, wanda a tsohon iyafis sai dai in yi hasashe daga ma'anar jimla, yanzu fitowa yake.

Ba komai ne ya yi mani daɗi ba. Yana da ɗan kaifi a sama, ta yadda in mai magana ya matso da mayik bakinsa, harafin sa da sha suna sukar kunne, musamman muryar mata da yara. Na rage wannan ɓangaren kaɗan a saitin sauti na kwamfuta, ya lafa. Sannan ba ya rufa wa mugun naɗi asiri. Wa'azin da ya yi ta yawo a WhatsApp ana turawa ana matse shi, da ba na jin aibinsa, yanzu ina jin ƙaraf-ƙaraf da wani amo kamar daga ƙarƙashin ruwa. Wanda bai sani ba zai ɗora wa iyafis laifi. Kafin ka yanke hukunci ka gwada shi da naɗi mai kyau wanda kunnenka ya riga ya sani. Kuma sautin a tsakiyar kai yake zama, ba ya ba ka faɗin da babban na ɗorawa a ka yake bayarwa.

Ta fuskar zama a kunne, kwanakin farko na ji nauyi da ɗan tsami, musamman na dama mai babbar roba, har nakan cire in huta duk bayan ɗan lokaci. Daga baya ya daina. In tsamin ya ƙi tafiya ko ya koma ciwo, robar ta yi maka girma ne, ka sauka ƙasa, kada ka dage. Da rana tsaka in zafin Katsina ya buɗe, gumi yana sa robar santsi ta riƙa zamowa, sai ka cire ka goge. Cin goro ko gyaɗa da shi a kunne kuwa ba ya yiwuwa, don taunar taka za ta fi abin da kake saurara ƙara. Masu tabarau irina su sani igiyar da ƙafar tabarau wuri ɗaya suke nema a bayan kunne; na gano in na fara sa iyafis sannan na ɗora tabarau a kai sun fi zama lafiya, hula kuma ba ta dame su ba. Amfanin zagayowar ta baya shi ne gogar igiya da riga ba ta hawowa kunne sosai.

Abin da ban zata ba shi ne matsala da mutane. Toshewar ta yi kyau har ta yi yawa. Wani dattijo abokin mahaifina ya tsaya a bakin shago ya yi ta sallama ina ta bugu ban ɗago ba, sai da yarona ya taɓa ni. Na tashi ina ba da haƙuri, ya ce, "Halan yanzu an girma, ba a amsa sallama?" Wata rana kuma kiran sallar la'asar ya wuce ni, masallacin ga shi nan kusa. Tun daga nan na juya teburina ya fuskanci ƙofa, na kuma sa ƙararrawar lokutan salla a kwamfutar. Na gwada sa ɗaya in bar ɗaya, sai na ga ina ƙara sauti ba tare da na sani ba, na daina. Wanda ke kan babur ko yake tafiya a gefen titi irin na IBB, wannan iri ba nasa ba ne sam, ba zai ji hon ba.

Sautin da nake kunnawa yanzu bai kai rabi ba, kuma shuu ɗin yamma ya ragu sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin samun raunin ji saboda yadda suke sauraro. A ƙiyasinta, babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80, a ma'aunin ƙarar sauti, har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90 awa 4 ne kacal a mako. Shawararta ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura. Mai roba yana taimakawa ta wannan fuskar don ba ka gasa da janareta, amma kuma yana kusa da dodon kunne, in ka ƙure shi ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Ka rage sauti kafin ka jona, don abin da ka saba kunnawa a tsohon zai yi maka yawa a wannan. Wanda shuu ɗinsa ya ƙi tafiya ya je ya ga likitan kunne.

Ga wanda zai saya, abin da zan ce shi ne kada ya kira mai kaya da faɗa sai ya gwada robobin nan duka, kowane kunne daban, a wuri marar hayaniya. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ya fara duba ko tsinkayen igiyar sun shige sosai, sannan ya duba saitin daidaita hagu da dama a wayarsa, sannan ya musanya kawunan a kan igiyar. In raunin ya bi kan, kan ne ke da matsala, a nan ne rasit da bidiyon buɗewa za su yi mashi rana. In ya tsaya a gefe ɗaya, to igiya ce ko kuma kunnen ne, igiya kuma ana sayenta daban. Ya kuma sa kuɗin adafta da na saƙo da na Napep cikin lissafinsa tun farko, don ni da na tara duka na haura naira 30,000.

Sai tsabta. A bakin kowane kai akwai 'yar raga siririya, dauɗar kunne da ƙurar hunturu suna toshe ta, sauti ya yi ta raguwa a hankali har mutum ya ɗauka ya lalace. Nakan cire robobin in wanke su da ruwa da ɗan sabulu, in bari su bushe sarai, ragar kuma in share ta da busasshen buroshin haƙori, bakin yana kallon ƙasa don dattin ya zubo waje. Allura ko tsinke suna huda ta. Ba na ba da aronsa, ko ga yarona, kuma a cikin ƙaramin gwangwani mai murfi nake ajiye shi, ba cikin aljihu ba. Yaron nan mai gyara ya ce akwai robobin soso da ake murzawa su ƙanƙance sannan su kumbura a cikin kunne, sun fi toshewa kuma suna rage kaifin saman, sai dai ba su daɗewa, bayan 'yan watanni sai an sake. Na tambaya a shagunan nan ban samu ba, don haka na yi wa mutumin Kano magana ya haɗo mani da su duk ranar da wani ɗan layinmu zai shiga sayayya, don kuɗin saƙon ya kusa kai kuɗinsu.